Mutuwar Ruwa Daga Tudu Take Farawa

Daga Wakilinmu na Arewa, Minna

WATA ranar Laraba da la'asar, ana tsakiyar damina, aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya a nan Minna. Na fake a rumfar wani mai shayi a unguwar Tudun Wada, ni da waɗansu mutum biyar. Ruwa na tsagaitawa sai ga yara sun ɓarko daga lunguna, suka nufi babban lambatun da ya ratsa bayan gidaje. Ruwan ciki ja wur, yana gudu ɗauke da ledoji da gwangwanaye. Wani yaro ya jefa silifansa a ciki, sauran suka bi gefen siminti a guje, a ga wanda zai riga tsamo shi. Ƙaramin cikinsu bai fi shekara 5 ba. Mu shida muna kallo, ba wanda ya motsa, sai da mai shayi ya daka musu tsawa sa'an nan suka watse.

Da aka koma hira sai zance ya faɗa kan jiragen ruwan da ke kifewa a jihar nan. Kowa ya yi salati, kowa ya yi addu'a, daga ƙarshe aka watse a kan cewa wannan masifa ta mutanen bakin gulbi ce, mu da muke kan tudu Allah Ya raba mu da ita. Alhali kuwa ko minti goma ba a yi ba da muka ga yaro ɗan shekara 5 yana rawa a bakin ajalinsa.

Wannan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wanda duk ya bi labarin mutanen da ruwa ya ci a Jihar Neja cikin 'yan shekarun nan zai ga abu guda: galibi tun ƙafa tana kan busasshiyar ƙasa ake yin kuskuren, ruwa ƙarasawa kawai yake yi.

JIHAR RUWA

Ga 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun waɗanda ba su san ƙasar nan sosai ba, bari in ɗan yi bayani. Kogin Kwara, wanda ya taso tun daga duwatsun ƙasar Gini ya yi tafiyar mil 2,600 kafin ya faɗa teku, shi ya ba jihar sunanta. Ya ratsa ƙasar Borgu, ya gangara Jebba, ya bi ƙasar Nupe. Kogin Kaduna kuma ya keta tsakiyar jihar har ya haɗu da shi a Muregi. A kan kogunan nan biyu aka gina manyan madatsun ruwa huɗu: Kainji a 1968, Jebba a 1985, Shiroro a 1990, sa'an nan Zungeru a 'yan shekarun nan. Wutar lantarkin da ake kunnawa a Kudu da Arewa, rabo mai yawa daga nan take fitowa.

Kowace madatsa kuwa ta haifi tafki. Na Kainji kaɗai tsawonsa ya wuce mil 80, kuma sai da aka tashi mutum wajen 44,000 kafin a cika shi. Tsohon garin Bussa, inda ruwa ya ci Bature Mungo Park a 1806, yana ƙarƙashinsa yanzu. Hanyoyin ƙafa da na jaki da suka haɗa ƙauyuka a da, ruwa ya shafe su. Mutumin da kakansa ke zuwa kasuwa a ƙasa, yau tilas ya biya kuɗin fito. Ba duk itatuwan da ke cikin kwarin aka sare ba kafin ruwa ya hau, saboda haka kututturansu suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa har gobe.

Har ila yau Kwara ba sau ɗaya take cika a shekara ba, sau biyu ne. Akwai cikar damina, wadda masana ke kira farin ruwa saboda laka, tana kai ƙarshenta wajen Satumba da Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, watau ruwan da aka yi can Gini, wanda ke daɗewa a fadamun ƙasar Mali, ba ya isowa nan sai cikin hunturu. Kututturen da matuƙi ya gani da idonsa a watan jiya, a wannan watan ruwa ya rufe shi da taƙi ɗaya.

LISSAFIN BAƘIN CIKI

A watan Satumba na 2013 jirgi ya kife kusa da Malale ta ƙasar Borgu, mutum 42 suka rasu.

Ran 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin katako ya taso daga gaɓar Jihar Neja zai je Wara ta Jihar Kebbi, da mutum fiye da 150 a ciki, ga babura, ga buhuna. Ya tsage a tsakiyar ruwa. Waɗanda aka tsamo da rai 20 ne da 'yan kai.

Ran 12 ga Yuni, 2023, da tsakar dare, 'yan biki suka taso daga ƙauyen Egboti na Jihar Neja za su koma gida ƙasar Patigi ta Jihar Kwara. Jirgin ya daki icce ya rabe biyu. Fiye da mutum 100 suka halaka, akwai gidajen da aka rufe su ruf. Wata uku bayan wannan, cikin Satumba, wani jirgin ya nutse a ƙaramar hukumar Mokwa da manoma masu zuwa gona, mutum fiye da 20 suka tafi.

Ran 1 ga Oktoba, 2024, ranar da ƙasa ke bikin shekara 64 da samun mulkin kai, jirgi ɗauke da mutum wajen 300, galibinsu mata da yara 'yan bikin Mauludi, ya kife da dare tsakanin Mundi da Gbajibo. Kamar rabinsu aka ceta, aka yi kwanaki ana tsamo gawa. Ba a cika wata biyu ba, ran 29 ga Nuwamba, 'yan kasuwa daga Jihar Kogi masu zuwa cin kasuwar Katcha suka gamu da irin wannan, aka rasa fiye da 25.

A farkon Satumba na 2025 kuma, jirgin da ya taso daga Tungan Sule da masu zuwa ta'aziyya Dugga ya ci karo da kututture kusa da Gausawa a ƙasar Borgu. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Masu zuwa gaisuwar mutuwa, su aka koma yi wa zaman makoki.

To, mai karatu, dubi jerin nan da kyau. Kasuwa, biki, Mauludi, gona, ta'aziyya. Babu ɗan yawon banza a ciki. Duk hidimomin da ke tara jama'a wuri guda a sa'a guda ne, kowa yana son ya tafi yanzu, jirgi kuwa ɗaya.

ABU HUƊU

In aka tsefe labaran nan, abu huɗu ne ke ta maimaita kansu.

Na farko lodi. Jirgi yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma ba sai mai ilmi ke gane ta ba: a dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa. Kowane buhun shinkafa, kowane babur, kowane fasinja yana rage ta. In ta koma yatsa huɗu, ƙaramar igiyar ruwa ta isa ta shigo ciki. Da ruwa ya fara shiga sai mutane su firgita su miƙe tsaye, su karkata gefe guda, shi ke nan.

Na biyu dare. Matuƙi ba ya ganin kututture, ba ya ganin hadarin da ke tasowa, galibi ko fitila babu sai tocilan. In abin ya auku kuma masuntan da za su kawo gudummawa suna barci, in sun fito ma kuka kawai suke ji, ba su ganin mai yinsa.

Na uku jirgin kansa. Katako yana ruɓewa, ƙusa tana tsatsa. Sau da yawa za ka ga an ajiye yaro da ƙwarya ko yankakkiyar jarka, aikinsa kwarfe ruwa tun daga tashi har sauka. Inji kuwa guda ɗaya ne, in ya mutu a tsakiyar tafki sai abin da iska ta ga dama.

Na huɗu rashin rigar ceto, watau rigar nan mai soso wadda ke ɗaga mutum a kan ruwa ko bai iya iyo ba. Ita ba ta hana jirgi kifewa. Aikinta ta riƙe kan mutum a sama har masu ceto su iso. Matar da ke da goyo, ga zane ga hijabi sun sha ruwa sun yi nauyi, in babu rigar nan ba ta da ko minti biyar.

A nan tilas in faɗi laifina. Na taɓa shiga irin jirgin nan ran wata kasuwa, a wani mashigi da ba zan ambata ba. Ina zaune ina kallo aka cika shi, aka ɗora babura uku, aka ƙara buhunan gawayi. Na sa hannu a gefe, sai na ji ruwa yana taɓa yatsuna. Zuciyata ta ce sauka. Amma ga tsofaffin mata zaune ba su ce komai ba, sai na ji kunyar a ce ɗan birni, ɗan boko, ya ji tsoro. Na yi shiru har muka haye. Ba dabarata ce ta fisshe ni ba. Na tabbata a kowane jirgin da na lissafa a sama akwai wanda ya ga abin da na gani, ya yi shirun da na yi.

UZURIN MAI JIRGI DA NA FASINJA

Adalci ne a ji ta bakin kowa. Mai jirgi zai ce tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kuɗin mai ya ninka, in bai cika jirgi maƙil ba ba zai mai da kuɗinsa ba. Zai ce kuma in ya hana mutum shiga, gobe a gari za su haɗu, watakila surukinsa ne ko maƙwabcinsa. Fasinja zai ce in wannan jirgin ya tafi babu wani sai gobe, kasuwa kuwa mako-mako take ci. A ƙasashen Shiroro da Munya akwai ƙarin dalili mai ɗaci: 'yan bindiga sun tsare hanyoyin mota a shekarun nan, har mutane da yawa suka ga gara ruwa da daji. Waɗansu ƙauyukan kuma da damina ba su da wata hanya sam sai ta ruwa.

Duk gaskiya ne. Amma ruwa ba ya jin uzuri. Ribar fasinja ashirin na ƙari ba ta sayen jirgin da ya nutse, balle ran mutum guda.

DOKA TANA NAN

Ba a rasa doka ba. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Ƙasa, watau NIWA, wadda aka kafa a 1997 take da hedkwata a Lokoja, tana da ƙa'idojin sufurin ruwa na 2023. Sun hana tafiyar dare, sun hana lodi fiye da kima, sun wajabta wa kowane fasinja sa rigar ceto. A watan Afrilu na 2025, a nan Minna Ministan Harkokin Ruwa da Tattalin Arzikin Teku, Adegboyega Oyetola, ya ƙaddamar da rabon rigunan ceto 42,000 ga jihohi 12, kowace jiha 3,500. Hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki daga ruwa, wadda ake kira HYPPADEC, hedkwatarta ma a garin nan take, ita ma ta raba riguna ta kuma sa an sare waɗansu kututturan. Gwamnatin Tarayya ta yi maganar a sauya jiragen katako da na zamani.

Madalla da wannan. Sai dai a yi lissafi: jirgin Gbajibo shi kaɗai ya ɗauki mutum wajen 300. Riga 3,500 ba ta wuce cikin irinsa 12 ba, a jihar da mashiganta ba su ƙirguwa. Kuma bayan rabon nan ne aka yi na Gausawa. Doka tana ofis, riga tana cikin buhu, jirgi kuwa yana tashi daga wani lungu inda ma'aikacin gwamnati bai taɓa sa ƙafa ba.

Abin da ya ɓace shi ne mutum guda a bakin ruwa wanda zai ce ya isa, a kuma ji maganarsa. Da can akwai shi. Nufawan nan da ake kira Kede, waɗanda sarkinsu Kuta ke zaune a Muregi, su ke riƙe da sufurin Kwara tun kafin zuwan Turawa. Sarkawa masunta suna da Sarkin Ruwa, wanda in bai ba da izini ba, ba mai jefa koma. Wanda ya taɓa kallon bikin kamun kifi na Argungu ya ga masunta kwance a kan gora. Ashe kakanninmu, da suka fi mu sanin ruwa, ba su ji kunyar riƙe abin da zai ɗaga su ba.

Shawarata ga sarakunan Bida da Borgu da Minna, da shugabannin ƙananan hukumomi, ita ce a mai da wa sarakunan ruwa da shugabannin masu jirgi ƙarfinsu. A shafa wa kowane jirgi layin fenti a jiki, in ruwa ya taɓa layin an gama lodi. A rubuta yawan mutanen da zai ɗauka da manyan lambobi. A ajiye rigunan a mashigi, a ƙirga su, yawan riga yawan fasinja. Wanda ya shirya biki ko Mauludi a hayin gulbi, ya shirya wa baƙinsa wurin kwana kamar yadda ya shirya musu tuwo. Limamai su faɗa a huɗuba, gama maganar da liman ya yi ran Juma'a ta fi takardar Lokoja saurin isa ƙauye.

MU DAWO TUDUN WADA

Kada mutumin birni ya ce ba ruwansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 ruwa ya ci mutum wajen 300,000 a duniya, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Daga 2000 zuwa lokacin, yawan masu mutuwa ta wannan hanya, in aka auna shi da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya, amma a Afirka kashi 3 kacal. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ran 25 ga Yuli na kowace shekara domin faɗakarwa a kai. Yaran nan kuwa yawancinsu ba a jirgi suke mutuwa ba, kusa da gida ne.

Mu dubi namu. Ga lambatu da kwalbatoci masu cika cikin minti kaɗan. Ga Kogin Chanchaga a bakin gari, ga madatsar Tagwai da ta Bosso, inda samari kan je wanka da zafin bazara. Ga ramukan masu haƙar zinariya da masu ɗibar ƙasa, waɗanda damina kan mai da su kududdufai, bakinsu santsi, zurfinsu ba a sani ba. A cikin gida ga rijiya ba murfi, ga duro, ga baho. Yaro mai rarrafe kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya fitowa, ruwan da bai kai taƙi ba ya ishe shi. Kuma ba ya ihu. Uwa tana kicin tana jin shiru, tana cewa barci yake yi.

Wanda ke shakkar ƙarfin ruwan sama a cikin gari ya tuna Mokwa, ran 29 ga Mayu, 2025, lokacin da ambaliya ta afka wa Tiffin Maza da Unguwar Hausawa da asuba, ta kashe fiye da mutum 150.

Maganin na gida ba ya cin kuɗi. A yi wa rijiya murfi mai kwaɗo. A kife bokiti da baho in an gama aiki. Kada a bar wa 'yar shekara 7 renon ɗan shekara 2 a kusa da ruwa. In hadari ya haɗu, a ƙirga yara kafin a kwashe shanya. Mai babur kada ya ratsa ruwan da ke gudu a kan kwalbati, gama wanda ya kai gwiwa yana iya kayar da ƙato. A ƙasar Bangaladash, inda ruwa ya fi namu yawa, an gwada tara ƙananan yara wurin mace guda mai kula da su da hantsi, sa'ad da iyaye mata ke fama da aiki, aka kuma koya wa manyan yara iyo, mutuwar ta ragu ƙwarai. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matan unguwa suna iya yin irin wannan.

IN WANI YA FAƊA RUWA

Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Saboda haka kada ka yi tsalle ka bi shi in ba gwanin ceto ba ne kai, don zai ƙanƙame ka ku tafi tare. Sau da yawa gawa biyu ake tsamowa maimakon ɗaya. Ka yi kururuwa. Ka kwanta a ƙasa ka miƙa masa gora, ko sanda, ko rawani. In ya yi nisa jefa masa igiya, ko jarka fanko mai murfi, irin ta lita 20, ta isa ta riƙe babban mutum.

In an fito da shi, a bar al'adar nan ta danna ciki ko ɗaga ƙafafu sama wai ruwa ya zubo, ɓata lokaci ne, kuma tana iya sa amai ya shaƙe shi. A kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a duba numfashi. In babu, a toshe hancinsa a hura masa iska ta baki, sa'an nan a riƙa danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, haka haka ba tsayawa har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo daga baya. Ya kamata 'yan agajin masallatanmu, da ke tsare sahu ran Idi, su nemi 'yan Red Cross su koya musu wannan a aikace.

In kuwa jirgi ne ya kife da kai, na katako sau da yawa ba ya nutsewa nan take. Ka kama jikinsa, ko jarka, ko wani katako, ka saki kaya.

ƘADDARA

Na san abin da za a ce: kwana ne ya ƙare. Babu Musulmin da zai musa ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana ɗaukar sababi, kuma mutumin da ya ce rigar ceto rashin imani ce, da dare sai ya kulle shagonsa da kwaɗo biyu.

Ran nan na sake bi ta rumfar mai shayin nan na Tudun Wada. Lambatu ya bushe, awaki na kiwo a gefensa, yaran suna ƙwallo. Damina kuwa za ta dawo, kasuwar Katcha za ta ci, za a ɗaura aure a hayin gulbi. Wanda ya tsinci kansa a bakin ruwa, ya ga lodi ya wuce kima ko rana ta faɗi, ya daure ya yi abin da na kasa yi: ya buɗe baki ya yi magana, in an ƙi ji ya ɗauki jakarsa ya sauka. Gara a yi masa dariya a mashigi da a yi masa salla a can.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri, mu kuma Ya kiyashe mu. Amin.